Guzurin da Aka Ɗinke a Fata

Litinin, 14 ga Afirilu, bayan la'asar

Wannan kayen, wato littafin rubutuna, na darasin kimiyya ne, amma mushe, malaminmu, ba ya duba shafukan baya. Ni ce Zuhaira, ƙanwar Audi, ta unguwar bayan tasha a Belbeji. Na sa sunana ne don wanda ya tsinta ya san inda zai mayar, ba don ya karanta ba.

Yau kwana shida da aka tafi da Yaya Audi. Inna ta sake zuba tuwo kwano uku. Na ɗauke ɗaya na miƙa wa maƙwabta.

Ɗakin Yaya yana nan yadda jami'an suka bar shi. Wayar caji tana lilo a bango, a kan tebur kuma akwai wani wuri mai tsabta inda ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, yake zama. Sun tafi da su biyun, shi da ordinater ɗin, a mota ɗaya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

A littattafan soyayya, in masifa ta faɗo, jarumar takan kife a gado ta yi kuka shafi uku. Na gwada. Ban kai rabin shafi ba Inna ta aike ni kai niƙa.

Laraba, 16 ga Afirilu, ƙarfe biyar na yamma

Madam Rahinatu, malamar da suke shirya taron tare da Yaya, ta aiko in kai mata makullin akwatin mikoro, wato makirufon taro. Na tarar da komite a zaune a tsakar gidanta. Na so in ajiye in gudu, ta ce, "Zauna, ƴar nan, ke ce gidan Audi yau."

Bari in rubuta mene ne taron, don na lura mutane sun fara magana kamar ba a taɓa yinsa ba. Duk shekara masu amfani da buɗaɗɗiyar manhaja na Damargu suna haɗuwa, wato manhajar da ba a kulle cikinta ba: kowa na iya buɗewa, ya gyara, ya ba wani. Sharaɗi biyu ne kawai, in ji Yaya. In ka gyara, sunanka ya zauna a kan gyaranka. In an ba ka, ka bai wa na gaba. Idan an tashi, duk wanda ya zo ana ba shi ɗan kartin ajiya na waya, wato memori, da aikin shekarar a ciki gaba ɗaya. Shi ake kira guzuri. Na goma za a yi ranar 10 ga Mayu, kuma Yaya ne zai karanta tarihin taron tun daga farko.

Malam Garba, mai shagon buga takardu, ya ce a fasa.

"Madam, ni ba tsoro ba ne. Tambayar jami'an nan ɗaya ce: wa ya sa shi zana rijiyoyin daji, kuma wa yake zana wa? Mu kuma sai mu tara mutane mu ce ga mu?"

Madam ta ce, "Ai amsar tana cikin aikin. Kowace rijiya da sunan wanda ya sa ta, da muryarsa yana faɗin sunanta. Mutum nawa ne suka yi taswirar nan? Audi kaɗai ne?"

"To aikin yana ina? Ya shiga mota ya tafi. Kuma ku kuka ƙi ɗora shi a intanet."

"Makiyaya suka ƙi, kuma da gaskiyarsu. Guzuri fa? Shekara tara muna rabawa."

Malam Garba ya kama gyaran hularsa.

An tsayar da cewa in an samo guzuri tara kafin ranar, za a yi taro, a nuna wa duk mai tambaya hannu nawa ne a cikin aikin. In ba a samo ba, a fasa. Madam ta dube ni ta ce, "Ke kike da hutun yamma. Bi gida gida."

Ni da ko gishiri ba na iya tambaya a shago sai na maimaita a zuci sau uku.

Alhamis, 17 ga Afirilu, da hantsi

Ban taɓa kartina ba. Yana cikin waya. Ba zan yi maganarsa ba.

Asabar, 19 ga Afirilu, bayan azahar

Gida goma sha ɗaya na shiga a kwana biyu. Kowa yana da kartinsa. Ba wanda yake da guzuri.

Mai kemis ya goge nasa ya zuba wa'azi. Wani mushe ya cika nasa da wasan kokawa. Wata ma'aikaciya ta ce, "Ayya ƙanwata, bikin ƴata ya zo, hotuna sun yi yawa." Na Malam Garba kuwa, har guda biyar, duk finafinai ne. Ya ce, "Ai na ɗauka yana wurin Audi." Madam ita ma ta daɗe da juye nata cikin ordinater ɗin Yaya ta rarraba wa ɗalibai kartocin. Kowa ya ɗauka yana wurin Audi.

Na riƙa cewa ba komai, ba komai, ina sunkuyar da kai. Suna tsammanin kunya ce irin tawa ta kullum.

Wasu gidajen ba su ce in shigo ba. Daga zaure aka sallame ni. Gidajen da Yaya ya sha zama har ya gyara musu waya kyauta.

Kwano uku yau ma.

Talata, 22 ga Afirilu, bayan la'asar

Rissa ya zo. Abokin Yaya ne makiyayi, daga kwarin Tarka, su biyu suka fara taron. Ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, ya gai da Inna ta bayan zana, ya daɗe yana gaisuwar bai ambaci sunan kowa ba. Dogo ne, rawaninsa shuɗi, ido kawai ake gani. In da a littafi ne da an ba shi babi guda. Amma yana da mata da ƴaƴa huɗu, kuma muryarsa kamar ana jan guga a kan itace.

Na kai masa ruwa. Ban san yadda aka yi ba na ji bakina yana cewa, "Yaya Rissa, kana da guzuri?"

Ya ce, "Wane? Na ci ko na Audi?"

"Na Audi."

"Suna wurin tsohuwa. Ita ke riƙe mana duk wani ƙaramin abu. Me ya faru?"

Na gaya masa na mutanen gari. Ya yi dariya har rawanin ya motsa. "Masu boko! Mu da ba mu iya karanta shi ba ne za mu ajiye muku?"

Na ruga gidan Madam ba takalmi. Ni! A titi!

Juma'a, 25 ga Afirilu, da safe

Inna ta yarda in bi Madam gobe. Ta ce, "Ki gai da su. Kada ki tsaya kina kallon sama kamar yadda kika saba."

Asabar, 26 ga Afirilu, kafin magariba, a bakin rijiya

Ina rubutu a kan gwiwata, a zangon su Rissa. Mun zo a bayan motar kaya, zafi kamar a bakin murhu. Yanzu bazara ce, duk wani mai dabba yana kusa da rijiya mai zurfi. Jakuna na jan igiya, su yi nisa har su ƙanƙance, sannan guga ya fito.

Tsohuwar ita ce Inna Raishatu, mahaifiyar Rissa. Ƴar ƙarama ce, hannuwanta sun rine da shuni. Bayan shayi na uku Madam ta faɗi abin da ya kawo mu. Tsohuwa ta sa hannu a wuyanta ta zaro wata igiyar fata. A jikinta ƙananan layu ne jere, ja da kore, kowace da ɗinkinta daban.

Madam ta ce, "Inna, ba laya muke nema ba. Karti."

"Su ne nan."

Ashe duk shekara in Rissa ya kawo nasa, sai ta yanka fata ta ɗinke shi tsaf. Ta ce abu kamar farcen yaro, a gidan da ake tashi sau goma a shekara, ina zai kwana? "Kuma an ce da rubutu a ciki, da sunayen mutane. Abin da ke ɗauke da sunan mutane ba a barinsa tsirara."

Madam ta miƙa hannu. Tsohuwa ta mayar da igiyar cikin riga.

"Ba a farke ɗinkina a ɓoye. Kuma wanda ya farke, shi zai tsaya gaban mutane ya faɗi abin da ya gani. Ke malama ce, bakinki ya saba, ba za a ji komai ba. Ita nake so." Ta nuna ni da haɓa. "Ƙanwar mai abin."

Na ji kamar in faɗa rijiyar. Madam ta fara cewa yarinyar ba ta iya magana ba, tsohuwa ta katse ta. "Bebiya ce?"

"A'a."

"To."

Na ce na yarda. Ban ji fitar muryar ba, amma Rissa ya ce ya ji.

Ta ba ni wata ƴar wuƙa. Mata da maza suka kewaye mu. Na farke ɗaya bayan ɗaya, Madam tana sa su a ordinater ɗinta. Na farko ya buɗe! Shekara tara a wuyan tsohuwa, cikin zufa da tafiya, ya buɗe kamar jiya aka zuba. Na biyu ya buɗe. Na uku. Kowane ya buɗe sai matan su rangaɗa guɗa, har jakunan suka tsaya.

Takwas ne. Na tara babu. Bara an yi fari, makiyaya sun gangara kudu da wuri, an yi taron a Tanut ba su. A na taran ne aka haɗa taswirar gaba ɗaya, da jerin sunaye, da muryoyi. Shi ne amsar tambayar.

Tsohuwa ta kafa mini ido ta ce, "Ke kin je na Tanut, Rissa ya ce. Ina naki?"

Na ce zan duba.

Lahadi, 27 ga Afirilu, da yamma, a gida

Na ce zan duba.

Talata, 29 ga Afirilu, bayan la'asar

Kwana biyu ina gidan Madam ina kallon guzuri takwas, ina rubuta tarihi. Ashe ban san yayana ba.

Na farko, a ƙarƙashin gawon da ke bayan kasuwar dabbobi ta nan Belbeji aka yi shi. Mutum bakwai, ordinater ɗaya, an jona shi da batirin mota. Akwai hoton wata yarinya a gefe riƙe da buta, baki buɗe, tana kallon sama. Ni ce. Madam ta yi ta dariya, ta ce ban canja ba.

A na biyu suka koya wa mutane sa manhajar a tsofaffin ordinater da ofisoshi suka yar. Guda shida suka tayar, har ɗaya an raɗa masa suna Tsoho Mai Rai. A na uku, a Falanko, aka kusa dambe. Wani manomi ya ce shanu sun cinye masa gyaɗa, wani makiyayi ya ce gonar ce ta cinye burtali. Ana jin muryar Yaya yana cewa, "To ku zo kowa ya nuna da yatsa inda ya sani." Daga nan taswira ta fara. Ba wanda ya aiko kowa. Faɗan gyaɗa ne.

Sai a na biyar aka sa waya ta riƙa faɗin sunan rijiya da murya, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, saboda waɗanda ba su karatu. Wata Bafulatana ce ta kawo shawarar, an rubuta sunanta a kai, Fa'iza. A na bakwai mata sun fi maza yawa, Malam Garba yana cikin hoto yana rabon ruwa, fuska a murtuke.

Na saurari muryar Yaya sau da yawa. Akwai inda yake tari ya ce a gafarce shi. Na mayar da wurin sau shida.

Ban kalli ƙofar ɗakinsa ba da na shigo.

Laraba, 30 ga Afirilu, da safe

Madam ta buga waya Tanut, mutum ashirin. Wa'azi, waƙa, biki, wa'azi. Malam Garba ya ce takwas ba tara ba ne.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

To. Zan rubuta.

A Tanut Yaya da kansa ya sa mini guzuri a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai, ya ce, "Wannan naki ne, auta." Wata biyu bayan nan ƙawata ta zo da littattafan soyayya waɗanda ake karantawa da murya, masu daɗi, wani mai murya kamar zuma yana karantawa. Wayata ta ce babu wuri. Na goge guzurin. Ban ko yi tunani ba. Na ce ai yana wurin Yaya.

Ni da nake shiga gidajen mutane ina jin haushinsu a zuci.

Na rubuta. Saura in faɗa da baki.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Na faɗa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Madam na faɗa wa labule, don ban iya kallonta ba. Na jira tsawa.

Sai ta ce, "Kin cika kartin?"

"Na'am?"

"Littattafan naki, sun cika shi maƙil?"

Na ce a'a, ko rabi ba su kai ba, rashin rezo, wato netwok, ya hana ni ƙarawa.

"Cire shi daga wayar yanzu yanzu! Kada ki ƙara sa ko tari a ciki."

Ta ce abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana kwance sai an zuba wani a kansa. Akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja ta tono irinsa, kuma tana cikin guzuri na huɗu, wanda ya fito daga wuyan Inna Raishatu. Muka sa ta aiki. Ta yi ta tono har aka kira la'asar.

Ta fito da abubuwa ɗaruruwa, amma duk ba suna, lamba kawai. Dole a buɗe kowane a ji. Madam ta kira Malam Garba ya zama shaida.

Na farko: muryar wani dattijo, "Ni ne Dodo na Falanko, wannan burtalin tun kakana yake nan." Madam ta ce Allahu akbar.

Na biyu: "Ya ke sanyin idanuna, tun ranar da na gan ki a bakin famfo barci ya yi mini ƙaura."

Malam Garba ya ɗago kai. "Wannan wace rijiya ce?"

Madam ta kife a kan tebur don dariya. Ni kuwa na ja gyale na rufe har ƙafa. Haka muka yi ta yi: rijiya, rijiya, sanyin idanu, burtali, rijiya, kukan rabuwa. Can Malam Garba ya ce, "Madam, dakata, kada ki wuce. Ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Wasu muryoyin sun tafi, littattafaina sun kwanta a kansu. Amma jerin sunayen ya fito cikakke. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Kowane da rijiyarsa ko burtalinsa, da ranar da ya sa.

Malam Garba ya riƙa bin jerin da yatsa. Ya tsaya a kan nasa sunan. Ya ce, "Zan buga shi a takarda. Manyan baƙaƙe."

Tara! Tara! Tara!

Na dawo gida ina tsalle a kan kwata kamar ƴar shekara bakwai. Na gaya wa Inna duka, har da gogewar. Ta ce, "Ke dai da soyayyarki." Amma ta ƙara mini nama.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

An ce ɗakin taron da aka ba mu yana da gyara. Ba wanda ya ga magini.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Madam ta ce to a koma gindin gawo, inda aka fara. Rissa ya aika saƙo rijiya rijiya, Malam Garba ya aika Falanko. Waɗanda muryarsu ta ɓace an ce su zo da ita da kansu.

Na gwada karatu a gaban akuyarmu. Ta juya mini baya a shekara ta uku.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan azahar

Na ce wa Inna ko Madam ta karanta kawai. Ta ce, "Wa ya farke ɗinkin?"

Motar nan da ta tafi da Yaya ta wuce ta ƙofar gidanmu sau biyu a hankali. Inna ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar, 10 ga Mayu, kafin magariba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Da muka isa, na ɗauka ranar kasuwa ce. Raƙuma a durƙushe jere, amalanken jakuna daga Falanko, babura daga Tanut, mata da ƴaƴa a goye. Inuwar gawon ba ta isa ba, aka kafa zana da tabarmi. An rataye takardun Malam Garba a igiya daga reshe zuwa reshe, sunaye suna kaɗawa. An jona mikoro da batirin mota, kamar na farko. Inna Raishatu ta zauna a gaba, daf da ƙafata.

Motar tana can gefe. Mutum biyu suka fito suka tsaya a baya, ɗaya da ƙaramin kaye a hannu. Na gane shi. Shi ya ɗauki ordinater.

Madam ta ce, "Ga ƙanwar Audi." Na miƙe. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na kafa wa takalman mutane ido. Wani ya yi tari. A littafi a nan ne jarumi yake ɗaga ido daga cikin taro ya ba jaruma ƙarfi. Ba wanda ya ɗago. Inna Raishatu ce ta mintsine ni a ƙauri, da gaske, ta ce, "Yi magana, ƴar boko, rana na yi."

Na ce wayyo a cikin mikoro. Duk wurin ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Daga nan muryar ta zo.

Na ba da labarin mutum bakwai da batirin mota. Na ba da na Tsoho Mai Rai. Da na zo faɗan gyaɗa, dattawa biyu suka miƙe daga gefe biyu kowane yana cewa shi ne mai gaskiya har yau, aka zaunar da su ana tafi. Na faɗi yadda guzuri ya ɓace a hannun masu karatu ya tsira a wuyan tsohuwa. Ban tsallake nawa ba. Na ce, "Ni ma na goge, na zuba littattafan soyayya." Wata mata daga baya ta ce, "Allah Ya kawo na gari, ƴata!" Na kusa narkewa.

Sannan na ce, "An tambaya wa ya zana rijiyoyi. Ga su."

Na fara kiran sunaye. Na farko Dodo na Falanko. Ya waiga ya dubi mutanen motar, ya dubi ƙasa. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali ya ce, "Ga ni. Ni na sa burtalin yamma."

Fa'iza. "Ga ni." Rissa. "Ga ni." Hafsat ta Tarka, "Ga ni, rijiya biyu!" Garba. Ya cire hula ya ce, "Ga ni," da ƙarfi har muryarsa ta karye. Wanda ya rasu, ɗansa ya miƙe. Wanda yake kudu da shanu, matarsa ta miƙe. Ba wanda ya koma ya zauna. Ina kira suna miƙewa, ina kira suna miƙewa, har na daina ganin raƙuman.

Mai kayen ya fara rubuta sunaye. A wajen na talatin ya daina.

Na ajiye sunan Yaya a ƙarshe. Na ce, "Audi." Ban shirya abin da zai biyo baya ba. Sai na ji daga bayan zana, inda mata suke, muryar da ban taɓa jin ta ɗaga a waje ba: "Ga ni."

Inna ce. Ban ma san ta zo ba.

Da aka tashi aka fara rabon guzuri na goma, wanda ya haɗa duka taran a ciki. Ni ke riƙe da faranti. Doka ita ce duk wanda ya zo ana ba shi. Na duba, su ma ai sun zo. Ƙafafuna suka kai ni ban ba su izini ba. Na miƙa wa mai kayen farantin, na ce, "Ranka ya daɗe, guzuri. In an ba ka, ka bai wa na gaba."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauki ɗaya. Ya sa a aljihun gaba ya danne maɓalli.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Murya ta dishe. Inna Raishatu ta karɓi kartocinta takwas, ta ƙirga su sau biyu, ta zauna a zaurenmu ta mayar da ɗinkinsu. Na miƙa mata nawa na goma. Ta ce, "Kin tabbata? Ba sanyin idanu a ciki?" Har ita ta ji! Ta ɗinke shi da koriyar fata ta rataya mini.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

Ba labari. Mai kemis ya aiko da gaisuwa. Gidajen da suka sallame ni daga zaure yanzu suna cewa in shigo in sha ruwa.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Ba labari. Kwano uku. Na kai wa maƙwabta.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na dawo daga lekol, wato makaranta, na ga takalma a bakin zaure. Baƙaƙe, na dama an ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu. Ni na ɗinke shi da azumi.

Na tsaya ina kallonsu. Ban shiga ba sai da na ji tarin.

Yaya ya rame. Bai faɗi inda aka kai shi ba, ba mu tambaya ba. Babu ordinater. Ya dubi teburinsa, ya dubi wurin nan mai tsabta, ya ce a hankali, "Shekara tara, auta. Duk suna ciki."

Na zaro igiyar daga wuyana na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

Ya juya ta ya ce, "Laya kuma? Yaushe kika fara?"

Na ba shi wuƙar yankan kuɓewa na ce, "Farke. Amma wanda ya farke shi zai karanta a na goma sha ɗaya."

Inna tana kira in zo in ɗauki kwano. Uku ne, kuma yau maƙwabta sai haƙuri.